Babana a jikin tsumman goge kwano

Duk sanda na ji ƙanshin kurkum da aka jiƙa da ƙaro, sai in tuna wani tsoho ɗan Bangal da muka yi maƙwabtaka da shi a benen gidajen gwamnati a unguwar Deptford, can ƙasar Turawa. Da kurkum yake haɗa rawaya, da baƙin fitila yake haɗa baƙi. A doguwar takarda yake zane, ya naɗe ta kamar tabarma. In zai ba da labari, sai ya riƙa warware ta a hankali yana rera waƙa.

Ina 'yar shekara sha biyu aka kulle gari saboda korona. Da yamma yakan fito baranda da naɗinsa, mu ma mu leƙo ta tamu. Ya zana cutar da jan baki da haƙora, tana haɗiyar mutane. Ba ma jin yarensa, amma babu wanda bai gane ba. Kakata, wadda ko hoto ba ta yarda a rataya a bango, ita take riga kowa fitowa da kujera.

Cikin azumi cutar ta ɗauke babana, direban bas ne. Ba a bar mu mun ga ko gawarsa ba. Bayan an kwana biyu tsohon ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ja da baya, ya nemi izini da guntun Turancinsa ya sa Baba cikin labarin. Na fassara wa Kaka.

"Ce wa Malam ya sa shi," in ji ta.

Ya zana shi cikin likkafani, bas ɗinsa a gefe babu kowa a ciki. Ranar da ya rera wurin, Kaka ta yi kukan da ta riƙe tun rasuwar.

Yanzu Kaka da tsohon duk sun riga mu gidan gaskiya. Bara na shiga wani shagon kayan tsaraba a bakin kogi, sai ga zanen tsohon. Ashe ɗansa ya sayar da naɗin, an rarraba shi an buga a jikin kofuna da jakunkuna. Mai shagon ta ɗago mini wani tsumman goge kwano tana murmushi, wai shi aka fi saye, kalarsa na da fara'a. Likkafanin babana ne.

Na fita bakin titi ina tofar da yawu. Yau ba wanda ya san waƙar. Amma a wani kicin a garin nan, ana goge maiƙon kasko da gawar babana, don ta dace da kalar labule.