Yaya Haruna da Taragun Baba

Shekara goma sha bakwai ke nan da aka fita da gawar yayana Haruna daga gidanmu na unguwar Aƙiƙ a Madina, aka sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata muna gida. Waɗanda suka zo mana gaisuwa a kwanakin nan, da yawansu da abu guda suka tuna shi: mutumin nan mai ƙananan jiragen ƙasa a ɗakin sama. Wasu da murmushi suke faɗa, kamar masu yafe wa mamaci wata 'yar wauta. Ban yi musu bayani ba a lokacin. Bana nake so in yi.

Yaya Haruna haƙoran roba yake haɗawa a wani asibitin haƙori. Mutum ne mai sanyin magana, mai haƙuri da ƙananan abubuwa, kuma har ya haura arba'in bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Mu 'yan Madina ne, nan aka haife mu. Abin da muka sani na jirgi shi ne tsohuwar tashar Anbariyya, wadda a lokacin take rufe, da wasu taragu da suka yi tsatsa a bayan katanga. Mahaifinmu ne ya san jirgi. Yana saurayi ya baro ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi shekaru a wata tashar jirgin kaya yana haɗa taragu. Shi ne mai shiga tsakanin tarago da tarago ya sarƙa ƙugiya. A can ya bar yatsu biyu na hannun dama. Muna yara bai cika ba mu wannan labari ba. In mun tambaya sai ya ce aikin wahala ne, Allah ya raba shi da shi.

A tsakiyar shekarun casa'in, bayan rasuwar mahaifiyarmu, Baba ya fara rikicewa. Larabcin da ya yi shekara da shekaru yana ciniki da shi a kasuwa ya zube masa, ya koma Hausa zalla, irin ta ƙauyensu. Sai kuma ya fara fita. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaura rawani ya ce zai tafi aiki, jirgin auduga na shigowa. Sau da dama maƙwabta ke dawo da shi. Wata rana da zafi ya kai maƙura aka neme shi aka rasa tun safe. Ƙanenmu Sa'idu ne ya same shi bayan azahar, jingine da katangar tashar Anbariyya, ba takalmi, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo, leɓɓansa sun tsage. Ya shaida wa Sa'idu cewa an rufe ƙofar tasha, kuma za a ce bai zo aiki ba.

Da yammacin ranar muka zauna mu uku. Sa'idu ya ce: "Halas, ya isa haka, Yaya. A sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Ni na ɗauko shi yau, ban san a wane hali zan ɗauko shi gobe ba."

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Ni ma a zuciyata can na karkata. Yaya Haruna ya ce: "Mutumin da yake ganin ana jiransa a wurin aiki, in ka kulle shi, ƙofar zai yi ta duka har ya karya hannu. Ku ba ni lokaci. In ban samo wata hanya ba, ni zan sayo kwaɗon."

Akwai wani likita baƙo a asibitinsu da wa'adinsa ya ƙare, zai koma ƙasarsu. Shi ya bar wa Yaya wani akwati cike da ƙananan taragu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, da kan jirgi mai aiki da lantarki, da guntayen kwangiri. Yaya ya kafa katako mai faɗi a ɗakin sama, ya shimfiɗa layin. Washegari da Baba ya ɗaura rawani, Yaya ya tare shi a bakin ƙofa ya ce: "Baba, an mayar da aikin sama yau." Ya kama hannunsa suka hau.

Ina wurin, don a kwanakin nan kullum nakan zo daga gidana na unguwar Aziziyya. Baba ya dubi taragun, ja da kore da shuɗi, suna ta sheƙi. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ajiye. Ya ce: "Wannan bai taɓa ɗaukar kaya ba." Ya juya ya nufi matakala.

Da wani ne, da nan zai haƙura. Yaya kuwa sai ya ce da ni: "Bilkisu, kin ji abin da ya ce? Bai ce ba tarago ba ne." Tun daga ranar ya shiga tsufar da su. Yakan je ya leƙa tsofaffin taragun Anbariyya ya ga ta inda tsatsa ke fara cin ƙarfe, da yadda ruwa ke jan ta ƙasa daga kan kusoshi. In ya dawo sai ya dusashe fentin nasa da tsinkakken ruwan fenti, ya bari ya bushe, ya bi da busasshen buroshi. Ya kankare tsatsar tsohuwar ƙofar gidanmu ya niƙa ta. Ya ɗebo ƙasar kwarin Aƙiƙ ya tankaɗe da rariyar matarsa Zulai, abin da ya jawo masa faɗa. Kwallina ma bai tsira ba, da shi ya yi baƙin hayaƙin da ke kwanciya a kan rufi. In ya gama ɗaya sai ya kai wa Baba, kamar ɗalibi mai kai allo.

Baba ba ya yabo, gyara yake yi. Ya ce taragon gishiri daga ƙasan ƙofa yake ruɓewa, ba daga sama ba. Ya ce na shanu dole katakonsa na ƙasa ya fi duhu. Ya ce ina rubutun alli da ake yi a gefe? Yaya ya fere alli kamar tsinken sakace ya yi. A cikin waɗannan gyare-gyare muka ji labarin da Baba ya hana mu muna yara: sunayen abokan aikinsa, da wanda jirgi ya matse a gabansa, da yadda suke dafa shayi a kan garwashin kan jirgi.

Ƙugiyoyin ne suka kusa rushe komai. Yadda taragun suka zo, ƙugiyar kowanne a manne take da ƙaramin gindin da ke riƙe tayoyi, wanda ke juyawa in an zo kwana. In jirgi na jan su gaba, lafiya lau. Amma aikin Baba na turawa baya ne, a ware wannan a haɗa wancan. Ranar da Yaya ya fara tura dogon jeri da baya, suna isa kwana tayoyin suka karkace, taragu uku suka kife. Baba ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canza. Ya ce: "Akwai mutum a tsakani." Ya fara neman takalminsa zai je ya kai rahoto. Da ƙyar muka zaunar da shi, kuma ranar bai ci abinci ba.

Sa'idu ya ce wannan wasa ya fara zama cuta. Yaya bai yi gardama ba. Ya jira Baba ya huce, ya kai masa tarago ɗaya a kife, ya tambaye shi inda kuskuren yake. Baba ya taɓa ƙugiyar da guntun yatsansa ya ce: "Wa ya ɗaura ta a ƙafa? A jiki ake ɗaura ta. Jiki ne ke ɗaukar turi."

Aikin ya ci wa Yaya watanni. Kowane tarago sai ya yanke tsohuwar ƙugiyar da reza, ya goge wurin da magagari, ya huda ƙasan jikin da ɗan injin da yake huda haƙoran roba, ya ɗaura sabuwa da kusa mai kamar ƙwayar gero. Sababbin ta gidan waya yake sa a aiko masa, su yi ta jinkiri a hanya. Abin da ya fi ba shi wuya tsayi ne. In ƙugiya ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta ko da kaurin farce, sai su rabu a tsakiyar tafiya. Yakan yanka siririyar roba ya cusa a ƙarƙashi, ya gwada, ya kwance, ya sake. Na sha samunsa bayan la'asar da gilashin ƙara girma a ido, hantsaki a hannu, Baba na gefensa yana jira kamar mai duba aikin yaransa. Ranar da jerin ya bi kwanar nan da baya bai faɗi ba, Baba ya ɗaga hannu ya ba da alamar tsayawa, irin wadda suke yi a tasha. Yaya ya tsayar.

Ba zan ce fitar ta ƙare gaba ɗaya ba. Akwai safiyoyin da ɗakin sama ba ya riƙe shi, sai Yaya ya sa shi a mota su je Anbariyya, su tsaya a bakin katanga har ya gaji. Akwai ranar da ya sake sulalewa, aka tsinto shi a bakin titi. Amma yawancin kwanakin shekarunsa na ƙarshe a kan kujerar nan ya yi su, yana ba da umarni, a ƙoshe, da takalmi a ƙafarsa. Kwaɗon kuwa ba a saya ba.

Abin da Yaya ya biya a wannan hanya ba kowa ya sani ba. Baba ya daina gane shi. Ya koma kiransa Adamu, sunan wani abokin aikinsa na Sudan, Yaya kuma yana amsawa. Wata rana ina kawo musu shayi na ji Baba yana ce masa: "Adamu, ina da yaro a Madina, Haruna. Shiru gare shi. Ban sani ba ko ana kula da shi."

Yaya bai ɗago daga taragon da ke hannunsa ba. Ya ce: "Ana kula da shi, Baba. Ya ce a gaishe ka."

Baba ya ce: "Madalla." Ya ci gaba da kallon layi. Na ajiye tiren na fita, don ban iya tsayawa ba. Ban taɓa tayar wa Yaya da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Baba ya rasu a gadonsa, da rana, muna kewaye da shi. Yaya ya lulluɓe katakon da zane ya daɗe bai hau sama ba. Daga baya ya koma, amma jefi-jefi. Ciwon ƙoda ya kama shi a farkon shekarun dubu biyu, ya yi ta jinya har Allah ya karɓi abinsa. A watanninsa na ƙarshe Sa'idu ne ke ɗaukarsa a baya ya hau da shi ɗakin, don ya ce can ya fi jin iska.

Yanzu Madina ta canza. An gyara tashar Anbariyya, masu ziyara na shiga suna ɗaukar hoto. Akwai jirgi mai gudu da ke kai mutum Makka kafin shayinsa ya gama hucewa a flas. Na hau shi bara, fari tas, ba ƙara ba hayaƙi. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Ina jin zai yaba, don ba mai ƙin sabon abu ba ne, sannan a tasha zai sunkuya ya leƙa tsakanin taragu ya ga yadda aka haɗa su. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne yadda muka koma da tsofaffinmu. Gidaje sun yi kyau, magani ya yawaita, akwai kyamara a kowace ƙofa. Amma na shiga gidaje da dama na ga tsoho a ɗaki shi kaɗai da talabijin, yana magana da harshen da jikokinsa ba sa amsawa da shi, ba wanda ya zauna ya ji ina yake son zuwa.

Taragun suna nan a gidan Zulai, cikin kabad mai gilashi. Ba mai kunna su, kuma ban damu ba. Ba don a ajiye su aka yi su ba, sun gama aikinsu tun ranar da aka binne Baba.

Ni ce yanzu na kai shekarun da ake fara lura da mutum. A 'yan watannin nan nakan nemi kalmar Larabci in rasa, ta Hausa ta zo a madadinta. Na ga 'ya'yana suna kallon juna. Likita ya ce gajiya ce, wataƙila kuma haka ne. Duk da haka ranar Juma'ar da ta wuce na tara su bayan abinci, na ba su wannan labari daga farko, yadda na ba ku. Na ce musu in nawa lokacin ya zo, ban san inda zan ce za ni ba. Wataƙila gidanmu na da, wataƙila wurin mahaifiyata. Na ce kada su yi mini gardama, su tambaye ni me ake yi a can.

Babban ɗana, wanda tun yana makaranta da Larabci yake amsa mini, ya matso kusa da ni. Sannan ya ce da Hausa: "Na ji, Umma. Zan tambaya."

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya haɗa shi da Baba a inda za su gane juna.