Malama Zalihatu da Layin Tattasan Matankari

Kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar tsohon babur ɗinta a hanyar Matankari. Malama Zalihatu ke nan, malamar gona, shekara ashirin da bakwai tana durƙusawa cikin lambunan dankalin Turawa tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. A watan nan take ajiye aiki, ni kuwa wallahi zuciyata ta cika, sai na faɗa!

A nan kowane manomi yana dasa layin tattasai a bakin fangalin dankalinsa, don miyar gida. Ba wanda ya taɓa zargin layin nan. Shekarar da ganyen dankali ya fara murɗewa yana yin rawaya, kowa ya ce laifin iri ne. Ita ta ce a'a. Ta tsinki ganyen tattasai da na dankali ta aika ɗakin bincike a Yamai, amsa ta dawo: ƙwayar cuta ɗaya ce, amma wadda ta zauna a tattasai ta sake kama, kuma ƙananan ƙwari ke kwaso ta zuwa dankali. Cutar ma tana ɗaukar halin gidan da ta sauka!

Lambun Ɗantani shi ne abin tsoro, don a wurinsa manoma goma sha biyu ke karɓar irin baɗi. Ta ce ya tuge tattasan.

“Malama, tattasan Adama ne hwa,” in ji shi. “In na taɓa shi, ke za ki ba ni tuwo?”

“Ɗantani, kai da ke faɗa da bijimi, matarka kake tsoro?”

Ba ta tsaya jayayya ba, ta nufi gidansa. Ta zauna da Adama bisa tabarma, ta nuna mata ganyen, ta yi mata alkawarin wani fangalin tattasai can nesa da dankali. Adama da hannunta ta tuge layin, tana yi wa mijinta dariya. Irin ya tsira, lambu goma sha biyu suka yi shuka.

Malama Zalihatu, ke ce mai idon da ya ga abin da muka taka muka wuce. Mun gode, Malama, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da za ku gaji babur ɗin nan, ku sauka, ku durƙusa, ku juya ganyen.