Yadda Bakin Rhoda Mai Daddawa Ya Tsira

Labarin da ya riga Rhoda isowa gida shi ne wai likitocin Kaduna sun ciro zuciyarta ɗungurungum, sun wanke ta da sabulu a baho, sun shanya a igiya, sannan suka mayar. A tashar Birnin Gwari wani direba ya rantse ƙanensa ya ga zuciyar tana ɗigar ruwa, an ajiye mutum yana korar kaji. Kafin zancen ya kai Damari har guga an yi mata.

To, ƙarya ce, kodayake na so a ce haka aka yi. Babu wanda ya tsaga ƙirjin taubashiyata. Ɗan huji ne a wuyan hannu, cizon kaska ma ya fi shi faɗi.

Ga wanda bai santa ba, Rhoda Andrawus ita ce mai daddawar Kutemeshi, wadda ta iya magana kafin ta iya zama. Ita ke ba da waƙa a zumuntar matan coci, in ta ɗaga murya birai a dajin Kamuku sai sun ajiye abin da suke ci. Da bakin nan take tara masu saye, da shi ta riƙe gida tun rasuwar mijinta. Raba ta da shi, ka raba ta da komai.

Ranar kasuwa ce, tana tsakiyar ciniki, sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Gumi ya karyo. Ta yi shiru. Shirun nan ya tsorata maƙwabciyar rumfarta Rabi'atu mai manja, ta kwarma ihu: "Jama'a, Rhoda ta daina magana!" Asibitin gari suka ce zuciya ce, a wuce Kaduna yanzu-yanzu. 'Yarta Mercy, malamar makaranta, ta tallabe ta a mota, aka kama wannan doguwar hanya tamu.

Can likita ya nuna musu hoto. Gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya. Za a zura siririn bututu ta hannu a buɗe wurin, a sa 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi.

"Amma Mama, naki gudan babba ne, sai mun fara zuƙo shi. Ba kowa muke yi wa haka ba. An gwada a kan mutane da yawa, aka ga yi wa kowa bai ƙara yawan masu tsira ba. Kuma jefi-jefi ɓarɓashi yakan ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko baki ya karkace."

Mercy ta fashe da kuka don ta ji batun tsira. Rhoda kuwa baki kawai ta ji.

"Ɗana, in ba ka zuƙo ba fa?"

"Ina tsoron hanyar ba za ta buɗu sosai ba."

"To zuƙo. Amma kada ka sa ni barci."

Ashe dama ba a sawa. Tana kwance ido biyu, ta yanke wa kanta shawara: muddin tana jin muryarta, bakin yana nan. Sai ta fara. Ta tambayi nas 'yar wane gari ce, me ya hana ta aure. Ta koya wa likita yadda ake dafa kalwa. Da ya ce ta ɗan riƙe numfashi, ta riƙe, tana saki ta ɗauko waƙa tun daga farko don ta ji ko harshen ya yi nauyi. Bai yi ba! Nauyin ƙirjin ne ya sauka, kamar an karɓe mata kaya.

Aka nuna mata abin a ɗan rariya, ja wur, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ta ce, "Wannan ɗan banzan?"

Ba a ce ta koma yarinya ba. Daɗewar hanya ta ɗan ci wani gefen zuciyar, in ta hau tudu sai ta tsaya haki. An hana ta ɗaukar kaya, magani kullum ba fashi, gishiri ɗan kaɗan. Amma Lahadin da ta koma ta ba da waƙa, mata suka yi ta guɗa, Fasto ya tsaya da wa'azinsa a hannu yana jiran fili.

Bayan an tashi na tare ta a ƙofa, na ce, "Baiwata, sannu da arziki. Mu dai mun so ɓarɓashin nan ya ɗan lasa harshen, ko Kutemeshi ta huta."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai Obed, ni da suka zura bututu sun samu abin zuƙowa. Kai a kai za a zura maka, su wuni suna ja, iska kawai za ta fito."