Matar da Ba Ta Sallama

Mu biyar ne a gindin murhu ran nan: ni, da yayata Mairo, da ƙanenmu Sale, da Tabawa 'yar maƙwabta wadda kullum sai an kora ta gida, sai kakarmu Iya Dudu tana soya gyaɗa a kasko. Jajiberin ƙaramar Sallah ne, an sha ruwan ƙarshe. A ƙauyenmu yara kan jera takalmansu a bakin zaure a wannan dare, da safe a tarar da dafaffen ƙwan zabo a ciki. Mukan ce Gwaggo Ba-Sallama ce ta zo.

Sale ya ce, "Iya, ita Gwaggon nan zabinta nawa?"

"Rufe min baki, mai kan tulu," in ji Iya. "Ku matso. Wannan ba ta dariya ba ce."

Ta ce a wata shekarar yunwa, wata mata ta bar 'ya'yanta uku a hannun maƙwabta, ta yi kudu neman hatsi, ta ce musu za ta dawo kafin Sallah. Ta yi wa mutane daka, ta yi ɗiban ruwa, har ta cika kwando, ta ɗora ƙwai a sama saboda autanta. Daren Sallah ta iso. Ɗakinta a buɗe, murhu ya yi sanyi, babu kowa. Da ta zaga gari sai ta ga takalmin autan a ƙofar wani gida, na babbar a wani gidan, na tsakiyan a can ƙarshen unguwa. Kowa ya san kayan mamaci ne ake rabawa gida-gida. Ita ma ta sani. Amma ta ce a ranta barci suke a ciki, ta sa ƙwai a kowane takalmi. Wata tsohuwa ta fito za ta yi mata magana, sai uwar yaran ta cusa mata hatsi a hannu ta wuce. Tun daga ranar take yawo.

Mairo ta ce, "Me ya sa ba ta sallama?"

"In ta yi sallama za a amsa. In an amsa za a gaya mata." Iya ta sauke kasko. "Yaran nan har yau ba su sami addu'ar uwarsu ba. Ku ci ƙwan, amma kada wanda ya ce min alheri ne."

Ba ta rufe labarin da komai ba. Ruwa ta yayyafa wa wutar, muka watse. Da safe na ci ƙwaina har da lasar yatsa, na manta.

Sai da na tsufa a unguwar Gubaira, a birnin Riyad, labarin ya dawo ya same ni. Ɗana Habu ne ya kawo ni Riyad, yana tuƙa babbar mota a Birnin Masana'antu na Biyu. Da suka ɓata da kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa, iƙama, wato takardar zamansa, ta mutu, sai ya yi kudu neman aiki tare da abokinsa Isuhu, mutumin Maraɗi. Ya bar min matarsa Zulai da 'yarsa Rukayya. Da farko yana kira, daga baya waya ta yi shiru.

Cikin azumi Isuhu ya dawo shi kaɗai. Ni ba a shigo min gida da abin da idona bai gani ba. Tun daga tsani na hango jakar Habu a kafaɗarsa. Kafin ya buɗe baki na ce, "Isuhu, ka rame. Ungo dabino, ungo kunu, yi maza kada magariba ta same ka a hanya." Ya dawo, na haɗa shi da kular tuwo. Ya sake dawowa, na ba shi shadda. Har maƙwabta suna cewa Hajiya akwai kyauta. Zulai kuwa tana bayan labule, ba ta da miji, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma isa ta tsallake ni ta tambaye shi ba.

Jajiberin Sallah Rukayya ta nuna min wani tsoho mai jar hula a waya, wai shi ke kai wa yaran Turawa kaya. Ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Jadda, mu ba mu da namu?"

Na ce muna da, na fara ba ta labarin. Da na zo wurin hatsin da aka cusa wa tsohuwa a hannu, sai na ga Zulai ta daina ninke kaya tana kallona. Na ƙarasa shi yadda Iya ta ƙarasa, ban rage komai ba.

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na aika a kira Isuhu daga masallacin idi. Na shimfiɗa darduma, na sa Zulai ta fito daga bayan labule ta zauna kusa da ni. Ya yi sallama, na amsa. Na buɗe masa tafukan hannuna ya ga babu komai.

Na ce, "Ajiye jakar, ɗana. Gaya min inda aka binne shi."