A Fayil Ɗin Baba, Ni Ƙaninsa Ne

Ina bakin gadi a ƙofar wani dogon gini a unguwar Mushairib ta birnin Doha, sai ƙanina ya bugo min waya daga gida. Sati uku ke nan da rasuwar Baba, ban samu jana'iza ba, kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce babu hutu sai ƙarshen kwantiragi. Ƙanin nawa ya ce an aiko daga ma'aikatar da Baba yake masinja, wai tunda a bakin aiki ya rasu, a kawo ɗansa ɗaya ya maye gurbinsa. Inna ta ce ni ne babba, ni za a ba.

Na yi murna, har na ji kunyar murnar. Shekara tara ina ɗaga wa masu mota ƙarfen ƙofa, babu wanda ya san fuskata. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma aikin masinja ai ba digiri yake so ba, ƙafa yake so, kuma ina da ita. Har na gaya wa 'yan ɗakinmu a Mesaimeer cewa khalas, shi ke nan, ni da Doha sai a labari.

Na tura hoton fasfo ɗina. Bayan kwana biyu ƙanina ya haɗa ni a waya da jami'in da ke riƙe da fayil.

"Malam, kai ɗan marigayi ne ko ƙaninsa?"

"Ɗansa ne na fari. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To a fayil ɗin nan shekara takwas ya ba ka. Ka taɓa ganin ɗan shekara takwas ya haihu?"

Na ce ya karanto min abin da ke cikin fayil ɗin. Ashe Baba ya rage shekarunsa sau biyu, ranar ɗaukar aiki da kuma lokacin tantance ma'aikata, don kada ritaya ta cim masa da yara a gaba. Ni kuma ejan ɗin da ya yi min fasfo kallon gemuna ya yi, ya rubuta abin da ya ga dama, ya ƙara min. Baba yana sauka, ni ina hawa, saura kaɗan mu zama tagwaye. Da aka ba Baba takardar rubuta iyali, sai ya sa ni a layin ƙanne. Ƙani kuwa ba ya gadon gurbi.

Jami'in ya ce in je kotu in yi rantsuwa na rage shekara goma sha biyar. Na ce to fasfon fa, da katin zama na nan? Ya ce wannan kuma tsakanina da Larabawa. Na ce wacce ce ta gaskiya a cikin takardun? Ya yi dariya ya ce ai dukkansu akwai hatimi a jikinsu.

Na kira Inna na tambaye ta shekarar da aka haife ni. Ta ce shekarar da aka kawo famfo unguwarmu. Na ce ta san Baba ya mayar da ni ƙaninsa?

"Na sani. Cewa ya yi takarda ce kawai. Da bai yi hakan ba, da me kuka ci?"

Har yau ban san da wa zan yi fushi ba. Mutumin da ya mutu yana yawo da fayil a hammata don mu ci tuwo, ko ejan, ko ni da ban taɓa karanta fasfo ɗina da kyau ba.

Ƙanina aka ba gurbin, shi ya zo duniya a makare, lissafinsa ya shiga. Sai dai ma'aikata ta ce dole wani babba a dangin marigayi ya sa hannu cewa an amince. Suka duba fayil, babban da suka gani ni ne. Aka turo takardar, na bugo ta a wani shago a Al Asmakh bayan sallar Juma'a. A wurin dangantaka an riga an rubuta ƙanin marigayi. Na daɗe ina kallonta, har mai shagon ya ce yalla, akwai mutane a bayana. Na ari bironsa na sa hannu.