Ranar da Muke Rufe Ɗakin Haihuwa

Ranar Talata ce. Na yi sallar asuba, na sha koko, na ɗauki guduma da ƙusa na nufi bakin gari. Ni kafinta ne, kuma a ranar za mu rufe ɗakin haihuwar da muka yi wata biyar muna ginawa a ƙauyenmu, can bayan Tamawa.

Wata gidauniya ce ta kawo aikin. Su ke ba da siminti, rodi, katako da kwano, mu kuma fili, yashi, ruwa da ƙarfinmu. Ba sa sakin sabon kaya sai ma'aikaciyarsu, Malama Rabi, ta zo daga Dutsin-Ma ta ga inda aka tsaya da idonta. Ranar ma ta iso ƙarfe takwas a kan acaɓa. Yayana Sani, wanda shi ne magini, ya zagaya da ita. Ta ƙwanƙwasa bango ta ce, "Malam Sani, wannan gini har jikokinku." Ya yi dariya.

Ƙarfe tara na hau sama. Mata na ɗebo ruwan daɓe, matata Hadiza na cikinsu. Ardo Bello ya kawo yashi a amalanken shanunsa, don matan rugarsa ma nan za su riƙa haihuwa.

Wajen goma da rabi na ɗaga kai in share gumi. Babura ne a jere daga yamma, mutum uku-uku. Ƙarar guduma a kan kwano ta hana kowa jin su. Na ƙwalla ihu, "Ɓarayi! Ku gudu!" Na ƙasa suka ɗago kai, wani har ya miƙo mini ƙusa.

Harbin farko ya sami Ardo Bello a ƙirji. Ya faɗi tsakanin shanunsa. Mata suka zubar da bokitai. Wasu suka yi gona, wasu suka ruga cikin ɗakin da ko ƙyaure ba mu sa ba.

Na kwanta ruf da ciki a kan kwanon. Zafinsa na ƙona mini kunci. Harsashi biyu suka huda shi kusa da kafaɗata. Ta inda ban gama rufewa ba ina ganin cikin ɗakin: Malama Rabi da mata huɗu a lungu, Yaya Sani a bakin ƙofa riƙe da shebur.

"Matsa!" in ji wani daga cikin ɓarayin.

Bai matsa ba. Suka harbe shi sau biyu. Suka tsallake shi suka shiga.

"Ke baƙuwa, tashi! Ku duka, waje!"

Suka ɗora su kan babura. Sauran suka shiga gari. Na ji harbi daga wajen masallaci, na ji kukan awaki, sai hayaƙin rumbuna ya turnuƙe. A cikin hayaƙin na diro ta baya. Ƙafata ta gurɗe. Na ja jiki har gonar rogo, daga nan na gangara rafi.

A can na tarar da Hadiza da 'ya'yanmu biyu, da wasu kamar ashirin. Ta dube ni, ta dubi bayana. Ba ta tambaye ni Yaya ba.

Muka bi cikin rafin, ba mu hau hanya ba. Tsofaffi muka riƙa goyo bi da bi, ni ina dogara kara. Azahar ta wuce mu a tafe. Ana kiran la'asar muka shiga Kurfi, aka buɗe mana azuzuwan wata firamare.

Washegari mutanen gidauniyar suka zo da tabarmi, gero da magani. Babbansu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Isa, kai ka ga Malama Rabi ƙarshe?" Na gaya masa abin da na gani. Sai bayan wata biyu ta dawo, ita da mata uku. Ta huɗun, Asabe, mai tsohon ciki, ba ta dawo ba.

Amma tun a kwana na uku mun koma garin da rakiyar jami'an tsaro, mu yi sutura. Mutum tara muka tattara. Ni na wanke Yaya Sani. Limaminmu na cikin waɗanda ke kwance, sai wani dattijo daga Tamawa ya ja mana sallar. Sahu biyu muka yi, na biyun bai cika ba.