Makin da Na Ba Hantar Ɓeraye

Shekarata goma sha ɗaya ina yanka hantar ɓeraye a ɗakin gwajin wata hukumar binciken magunguna a Abuja lokacin da aka kawo mana wani sabon mai bincike. Sojoji sun koma bariki, kuɗin mai ya cika gari, kowace hukuma sai sayen sababbin na'urori take yi da tura ma'aikata taro ƙasar waje. Ni kuwa ko Legas ba a taɓa tura ni ba. Sabon namu mutumin Filato ne mai digiri biyu, kullum cunkoson hanyar Nyanya na makarar da shi, amma da fara'arsa yake shigowa. Tun ranar farko bai kwanta mini ba, kuma babu abin da ya yi mini.

A kan ganyen sabara yake bincike. Akwai wani sinadari rawaya a ganyen, filabonoyid, wanda ya ce yana hana hanta yin tabo. Sai a ba ɓeraye abin da zai lalata musu hanta, rabi a bi su da ruwan sabarar, rabi a ƙyale su. Gwajin jini ya riga ya ba shi gaskiya: inzayim, wato sinadarin da ke hauhawa a jini idan hanta ta ji ciwo, ya sauka a waɗanda suka sha maganin. Darakta har ya fara kiran shi ofis shan shayi. Sabarar da na yi ta tsallakewa a bayan gidanmu! Wallahi hassada ta ci ni, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Hujja ɗaya ta rage masa, wato tabon da ido zai gani, wannan kuwa aikina ne. Ƙa'idar ita ce in yanka hantar siririya, in ɗora a gilashi, in rina. Daga nan sakatariyar sashe ta rufe sunayen da ke kan gilasan da lambobi ta kulle takardar lambobin a durowa, don kada mai dubawa ya san wanda ya sha magani. Sai in ba kowane gilashi maki, daga sifili zuwa huɗu, gwargwadon munin tabonsa.

Da ya miƙo mini akwatin ya ce, "Oga, idonka ne alƙali. Abin da ka gani kawai ka rubuta."

Ina leƙa maikuroskof, madubin duba ƙananan abubuwa, na ga wasu gilasan da ɗigon rawaya. Na ce a raina, ai kuwa na kama ka, launin maganinka ne wannan. Duk mai rawaya, in biyu ya cancanta sai in rubuta uku, in uku ne in kai shi huɗu. Ko ɗar ban ji ba. Na gama na tafi sallar azahar.

Ranar da aka buɗe durowa na gane wautata. Rawayar nan ruwan matsarmama ne da ya taru a hantar ɓerayen da ba a yi wa magani ba. Abin da na sani tun ina sabon ma'aikaci, amma ƙyashi ya rufe mini ido. Da hannuna na ƙara munana marasa magani, sabara ta fito kamar abin al'ajabi. Ya rungume ni a gaban kowa, darakta ya ce a fara shirya masa tafiya ƙasar waje. Mako guda ina fama da haushin kaina da nasa.

Wata rana a kantin cin abinci ya zauna kusa da ni ya ce, "Oga, kawuna na Kurudu yana da ciwon hanta, ciki ya kumbura. Na gaya mashi sakamakon, yanzu ya ce asibiti ya ishe shi, sabara kawai zai sha. Ina hana shi, amma da irin wannan maki ni ma bakina ya mutu."

Na ajiye cokali na faɗa masa komai. Da na gama, sai ya tambaye ni:

"Me na yi maka, Oga?"

"Ba ka yi mini komai ba," na ce.

Bai kai ƙarata ba. Ya dai ce wa darakta yana son wani idon ya sake dubawa, ya kai gilasan wurin wata likita a wani asibiti, ya kuma tafi Kurudu da kansa ya mayar da kawun nasa wurin likitoci. Da sabon makin ya dawo, ya ajiye takardar a teburina. Da baki na yi hamdala saboda kawun, amma abin da idona ya fara nema shi ne ko maganin ya faɗi. Bai faɗi ba. Tabon ya ragu da gaske, ko da yake bai kai yadda na zuzuta ba, kuma tafiyar ta tabbata.

Shekara huɗu muka ƙara yi tare. Kullum safe sai ya tsaya a ƙofata ya gaishe ni da girmamawa, sannan ya wuce da akwatin gilasansa ya kai wa wani.